Gandu Da Gayauna: Abin Da Ke Riƙe Babban Gida, Daga Jakusko Zuwa Sauran Sassan Duniya

Duk lokacin da ambaliya ta ci gidaje a ƙauyukan ƙaramar hukumar Jakusko ta Jihar Yobe, kamar yadda ta yi a daminar 2022, tambayar farko da jami'an agaji ke yi ita ce: gida nawa abin ya shafa? A takarda tambaya ce mai sauƙi, amma a ƙofar zaure amsarta ba ta da sauƙi. Bayan katanga ɗaya ana iya samun dattijo da matansa, da 'ya'yansa maza uku kowanne da nasa iyalin, da ƙanwarsa wadda mijinta ya rasu, da jikoki, da wani ɗan riƙo da ya girma a gidan har aka manta ba a nan aka haife shi ba. Gida ɗaya ne wannan, ko huɗu, ko biyar? Abin da mai rubutu ya rubuta shi ne zai nuna buhu nawa za a sauke a ƙofar.

Masu ƙididdiga a Najeriya suna da ma'aunin da suke amfani da shi: iyali su ne mutanen da ke zaune wuri ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, kuma sun yarda da mutum ɗaya a matsayin shugabansu. Wannan ma'auni bai yi nisa da yadda mutanen karkara ke kallon kansu ba. Idan aka ce 'yan'uwa sun raba tukunya, kowa ya san abin da ake nufi, ko da kuwa ta ƙofa ɗaya suke shiga da fita. Ma'ana, abin da ke mai da taron mutane gida ɗaya ya wuce jini da katanga. Akwai aikin da suke yi tare, da rumbun da suke ɗiba tare, da kuma yarjejeniyar da ba a rubuta ba kan abin da ke na kowa da abin da ke na mutum shi kaɗai.

Jakusko na cikin masarautar Bade, wadda fadarta ke Gashuwa. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 229,083. A cikinta ne tsohon birnin Gogaram yake, mai ganuwa, wanda Lawan Babuje ya mayar cibiyar Badawa a ƙarni na 19, lokacin da suke tsakanin ƙarfin Borno ta gabas da masarautun Haɗeja da Katagum ta yamma da kudu. Harshen Bade ɗan'uwan Ngizim ne na kusa, kuma dangi ɗaya suke da Hausa a cikin harsunan Chadi, ko da yake Bahaushe ba zai ji abin da Babade ke faɗa ba sai ya koya. Tare da Badawa akwai Fulani makiyaya, da Barebari da Mangawa, musamman idan aka nausa wajen Nguru, da Hausawa manoma da 'yan kasuwa. Hausa ita ce harshen da ke haɗa su a kasuwa, shi ya sa da kalmominta ne aka fi bayyana tsarin zaman gida a yankin, duk da cewa kowace al'umma na da nata sunayen. Barebari na kiran gida fato, Fulani na cewa wuro.

Yadda gandu ke aiki

Gandu, a ma'anar da manoma suka sani, shi ne uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, su yi noma a gona ɗaya, a zuba amfanin a rumbu ɗaya, a ci daga gare shi. Masana biyu sun yi rubutu mai zurfi a kansa: M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau ya wallafa a 1955, da Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972. Abin da suka nuna, wanda kowane dattijon karkara zai tabbatar, shi ne gandu ba bauta ba ne, ciniki ne mai haƙƙoƙi ta kowane ɓangare. Ɗa yana ba da ƙarfinsa daga safe zuwa wajen azahar. Uba kuma shi ke da nauyin iri da fartanya, da ciyar da gida, da biyan harajin ɗan, da yi masa auren fari, da ragon suna idan an yi haihuwa.

Sai kuma ɗaya rabin yarjejeniyar, wanda masu yabon zaman da sukan tsallake shi: gayauna. Wannan ita ce 'yar gonar da maigida ke yankar wa ɗansa ko matarsa, su noma da yamma ko a ranakun da ba a fita gandu. Abin da aka samu a gayauna na mai ita ne, ba a tambayarsa yadda ya yi da shi. Da shi saurayi ke sayen tufafi da keke, da shi mace ke sayen akuya ko ta zuba adashi ko ta tara wa 'yarta kayan ɗaki. Dukiyar mace a wannan tsari daban take da ta mijinta, kamar yadda shari'ar Musulunci ta tanada, har ma takan ba shi rance ta kuma karɓi abinta.

Wannan rabo shi ne sirrin daɗewar gandu. Rumbun tarayya yana kare kowa daga yunwa idan damina ta yi gardama ko ciwo ya kwantar da mutum ɗaya. Gayauna kuwa tana hana mai ƙwazo jin cewa guminsa na tafiya a cikin waɗanda ba su kai shi himma ba. Inda maigida ya hana gayauna, ko ya riƙa sayar da hatsin gandu don ƙara aure, ba a daɗewa 'ya'ya ke neman a sallame su. Hill ta lura cewa gandun uba da 'ya'ya ya fi ƙarko nesa ba kusa ba a kan gandun wa da ƙane bayan rasuwar uba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɗa na iya haƙuri da hukuncin mahaifinsa, amma ba lalle ne ya haƙura da na wansa ba, balle idan uwa ba ɗaya ba. Kalmar 'yan'ubanci ba a banza ta shiga harshen Hausa ba.

A cikin gida ma akwai irin wannan rabo. Kowace mace da ɗakinta da kayanta, amma girki na zagayawa. Tsakar gida ta kowa ce, kuma a nan ne ake renon yara da hannu da yawa. Ana kai yaro yaye wurin kakarsa, ana ba gwaggon da ba ta haihu ba riƙon ɗiya, mai haihuwar fari na komawa gaban iyayenta wankan jego, wadda aurenta ya mutu kuma tana da ɗakin da za ta koma. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, cike yake da irin waɗannan al'amura, kuma bai ɓoye ɗacin da ke cikinsu ba, kamar auren da ake ƙulla wa yarinya don a ƙarfafa zumunci ba tare da an ji ta bakinta ba. Duk wanda zai yi maganar babban gida da gaskiya dole ya faɗi cewa mata ne suka fi ɗaukar nauyinsa: daka da ɗiban ruwa da jinyar tsofaffi ba sa shiga lissafin rumbu.

Ruwa da fadama

Abin da ya bambanta Jakusko da Gashuwa da Nguru da ƙasar Katsina ko Zazzau shi ne ruwa. Yankin na cikin fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Gidan da ke nan ba da sana'a ɗaya yake rayuwa ba. Da damina akwai gero da dawa da wake da riɗi a tudu, akwai shinkafa a fadama. Idan ruwa ya janye sai kamun kifi da noman rani, dabbobi kuma na buƙatar mai bin su duk shekara. Waɗannan ayyuka sukan faɗo a lokaci guda, kuma mutum ɗaya da matarsa ba za su iya kasa kansu gida huɗu ba. Gidan da ke da hannuwa da yawa shi ke iya tura wani tudu, wani fadama, wani bakin ruwa. Idan fari ya kashe gero, kifi ya rufa asiri. Idan ambaliya ta cinye shinkafa, a sayar da tunkiya. A irin wannan ƙasa yawan iyali dabara ce ta raba hatsari, tun kafin a san wani abu wai shi inshora.

Haɗin kan bai tsaya a ƙofar gida ba. Gayya ita ce gandun unguwa: mai gona ya yi abinci, matasa su taru su nome masa a yini ɗaya, gobe a koma ta wani. Su, wato kamun kifi na taro, ba a yin sa sai ranar da masu kula da ruwa suka buɗe tafkin da aka hana taɓawa, kowa ya shiga da homarsa da gorarsa. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram daga wannan al'ada ya samo tushe. Tsakanin manomi da makiyayi ma akwai tsohuwar musaya, shanu su ci karan gona bayan girbi su bar taki, nono ya tafi gidan manomi hatsi ya tafi ruga. Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, inda kowa ke tsokanar ɗan'uwansa ba a yin fushi, yana cikin abubuwan da ke sassauta zama idan rai ya ɓaci.

To amma ruwan da wannan tsari ya dogara a kansa ya sauya. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a Jihar Kano. Ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadama ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana a wasu hanyoyi har da rani, abin da ya ba ciyawar kacalla damar toshe magudanai. Sakamakon shi ne wasu gonaki sun nutse, wasu sun bushe. A 2006 jihohin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da wannan kwari, kuma ƙauyuka da dama sun sha fita gayya don yanke kacalla da hannu. Amma idan fadamar gida ta tafi, aikin da ke tara 'yan'uwa wuri ɗaya ya tafi da ita. Haka nan idan fili ya ƙuntata, karan da a da ake barin wa shanu kyauta ya zama abin sayarwa, burtali ya zama gona, sai rikicin manoma da makiyaya ya samu ƙofa.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

Zaman babban gida ba na Afirka kaɗai ba ne. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2019, wanda ya shafi ƙasashe da yankuna 130, ya nuna kashi 38 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a gidan da ya haɗa dangi fiye da miji da mata da 'ya'yansu, kuma wannan shi ne tsarin da ya fi kowane yawa. Mutumin Afirka ta kudu da Sahara yana zaune ne da kusan mutum 7 a gida, na Turai kuwa da kimanin 3. A nan gida Najeriya, Yarbawa na da agbo ile, Ibo na da umunna.

A lardin Fujian na ƙasar Sin akwai gidajen ƙasa da ake kira tulou, wasunsu zagayayyu kamar rumbu, masu hawa uku zuwa biyar, inda zuri'a guda ta ɗaruruwan mutane ke zaune a bayan ƙofa ɗaya. Hukumar UNESCO ta sanya 46 daga cikinsu a jerin kayan tarihi na duniya a 2008. Abin lura a ginin shi ne rijiya da tsakar gida da ɗakin tunawa da kakanni na kowa ne, amma kowane iyali na da nasa yanki daga ƙasa zuwa sama, da madafinsa da ma'ajinsa da ɗakin kwanansa. Bahaushen da ya shiga zai gane gandu da gayauna ba tare da tafinta ba. A Indiya kuwa doka ta amince da babban gidan mabiya addinin Hindu a matsayin mai dukiya guda, har ana yanka masa haraji da sunansa. An daɗe 'ya'ya maza ne kaɗai ke da haƙƙi a wannan dukiya tun daga haihuwa, sai a 2005 aka gyara doka aka daidaita su da 'ya'ya mata.

Darasin da ya fi ƙarfi yana wurin waɗanda suka so su yi gandu ba gayauna. Ƙauyukan tarayya na Yahudawa da ake kira kibbutz, waɗanda na farkonsu, Degania, aka kafa a 1910, sun soke mallakar mutum ɗaya kusan gaba ɗaya. A yawancinsu yara ba sa kwana wurin iyayensu, akwai gidan yara na kowa. Iyaye mata ne suka fi matsa lamba a kan haka, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 an daina wannan al'ada. Yau mafi yawan waɗannan ƙauyuka suna biyan kowa albashi gwargwadon aikinsa. A Tanzaniya, Shugaba Julius Nyerere ya ɗauki kalmar ujamaa, wadda ke nufin zaman dangi, ya gina manufar ƙasa a kanta bayan Sanarwar Arusha ta 1967. Da farko shiga ƙauyukan tarayya ganin dama ne, amma daga 1973 zuwa 1976 aka kwashe miliyoyin mutane zuwa cikinsu da ƙarfin hukuma. Makarantu da asibitoci sun ƙaru, amma gonar tarayya ba ta karɓu ba, manoma sun fi ba 'yan gonakinsu ƙarfi. Niyyar Nyerere mai kyau ce, sai dai umarni daga sama ba ya haifar da amanar da ke sa mutum ya zuba hatsinsa a rumbun wani.

Ta ɗaya gefen kuma, ƙasashen da suka yi nisa a zaman kowa-tasa-ta-fisshe-shi sun fara neman hanyar komawa. A 1972 iyalai 27 a Denmark suka gina unguwa mai suna Sættedammen, kowa da gidansa, amma da babban ɗakin da ake girki da cin abinci tare, kuma tsarin ya bazu zuwa wasu ƙasashen Turai da Amurka. Singafo na ba da tallafin kuɗi ga wanda ya sayi gida tare da iyayensa ko kusa da su. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Abin da dattijuwa ke samu kyauta a tsakar gida a Amshi ko Buduwa, wato wanda zai gaishe ta da safe ya lura idan ba ta fito ba, shi ne waɗannan gwamnatoci ke ware wa kasafi.

Wannan ba dalili ba ne na yin alfahari a kwanta. Gandu na raguwa a arewacin Najeriya, kuma ba jiya ya fara ba. Tun da jirgin ƙasa ya isa Nguru a wajen 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro, saurayi ya samu hanyar riƙe kuɗin kansa ba ta hannun mahaifinsa ba. Cin rani ya ƙara buɗe wannan ƙofa. Harajin da uba ke biya wa ɗa, wanda yana cikin igiyoyin da ke riƙe gandu, gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke shi a 1979. Yau babur ɗin haya da wayar hannu sun sa ɗan shekara 20 na iya samun abin da ya fi rabonsa na rumbu. Ga kuma gado. Shari'a ta ba kowane magaji, namiji da mace, rabonsa sananne, kuma haƙƙi ne da ba mai ikon tauye shi. Amma gonar da ta ciyar da gida ɗaya idan aka yanka ta goma, aka sake yanka kowane kaso bayan shekara 30, abin da ya rage ba ya ciyar da kowa. Wasu gidaje kan fayyace rabon kowa a gaban shaidu, sannan su ci gaba da noma filin a haɗe. Wannan ya fi barin gado ba a raba ba da sunan zumunci, domin a irin wannan jinkiri ne rabon mata da marayu ke salwanta.

Sai dai raba tukunya ba ya nufin an raba zumunci. Ɗan da ke aiki a Kano ko Damaturu ko Legas yana turo kuɗin taki da na magani ta waya, buhun gero kuma na bin mota zuwa wurinsa bayan kaka. Gandun ya miƙe ne a kan hanya mai tsawon ɗaruruwan kilomita. An ga ƙarfin wannan igiya a shekarun rikicin Boko Haram, lokacin da alƙaluman Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya suka riƙa nuna cewa mafi yawan waɗanda suka rasa matsuguni a arewa maso gabas ba a sansani suke ba, suna cikin gari ne, da yawansu a gidajen dangi da na waɗanda suka tausaya masu. Gidajen da suka karɓe su sun raba ɗaki da rumbu, kuma sau da yawa agaji ya fi saurin isa sansani fiye da ƙofarsu, saboda sansani ya fi sauƙin ƙirgawa.

Nan ne maganar ta shafi hukuma kai-tsaye. Rajistar masu ƙaramin ƙarfi, da rabon kayan agaji, da bashin noma, duk a kan iyali ake gina su. Idan aka rubuta gidan mutum 30 a matsayin iyali ɗaya aka ba shi abin da aka ba gidan mutum 5, an hukunta shi ne saboda bai watse ba, kuma an koya wa maƙwabta cewa riba na cikin rabuwa, ko da ta baki ce a gaban mai rajista. Idan kuma aka miƙa komai ga maigida shi kaɗai, bazawarar da ke ɗakin baya da matar ɗa mai goyo suna iya tashi hannu wofi. Haka abin yake a wajen gini: gidajen da ake yi wa waɗanda ambaliya ta raba da muhallinsu galibi ɗaki biyu ne a jere, ba zaure, ba filin da ɗa zai kafa nasa ɗakin idan ya yi aure. Najeriya ba ta sake ƙidayar jama'a ba tun 2006, don haka duk wanda ke tsara wa Jakusko a yau yana aiki ne da hasashen da aka ɗora a kan alƙaluman da aka tattara kafin a haifi da yawa daga cikin samarin da ke noman fadamarta.